Tatsuniyar da Ba Wanda Ya Ji Ƙarshenta

A garinmu, Ha Letuka, duk wanda bai kai shekara saba'in ba ya san farkon tatsuniyar yarinyar da ta tafi ɗebo wuta. Da yawa sun san tsakiyarta. Ƙarshenta kuwa, har ranar Juma'ar da zan ba ku labari, babu mahaluƙin da ya taɓa ji.

Ba ɓoye ta aka yi ba. Kaka Mapulumo ce mai tatsuniyar, kuma ba ta taɓa yi wa kowa rowarta ba. Shekara sittin ɗakinta na dutse da jinka shi ne makwancin yaran da ubanninsu suka ƙetare iyaka haƙar zinariya, uwayensu kuma suka gangara Maseru, babban birnin ƙasar, aikin ɗinki a masana'anta. A kawo mata yaro da bargonsa da ɗan garin masara, ta nuna masa inda zai kwanta. In an ci tuwo an lashe hannu, sai ta fara. Muryarta ce matsalar. Ba ta ɗaga ta, ba ta sauke ta, a hankali take tafiya kamar mai tankaɗen gari. Kafin yarinyar cikin tatsuniyar ta haye dutse na biyu, rabin ɗakin ya yi gaba. Masu taurin ido su kai bakin kogo. Da safe a ce, "Kaka, ya ta ƙare?" Ta ce, "Ai na faɗa. Ku kuka yi barci."

Ni ma a wannan ɗakin na girma. Kuma kada ku ɗauka abin na yara ne kawai. Ina da shekara talatin da huɗu, da takardar shaidar karatuna, na je mata har sau biyu da butar shayi mai kauri, na rantse sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Duka biyun da safe na farka, an lulluɓe ni da bargo, kaji suna tsallake ƙafata.

Sunana Moliehi, ni ke riƙe da laburaren garin. Ɗaki ɗaya ne jingine da ofishin ƙaramar hukuma. Lokacin da na karɓe shi ba mai shiga sai wanda iska ta koro, ni kuwa ba a haife ni don zaman gadin ƙura ba. Na jawo mata masu saƙa da gashin awaki na ce su riƙa zuwa ranar Litinin, ɗaya tana karatu da ƙarfi saura suna saƙa, suna tsine wa mazan cikin littafin. Tsofaffin da suka dawo daga ramin zinariya da tari da raunin ido, na haɗa su da 'yan firamare masu karanta musu jarida, su kuma suna gardama da jaridar. Tsohuwar durowar katuna na mayar da ita rumbun iri: ka ari wake ko kabewa, bayan girbi ka dawo da ninki. Abin da ya fi tashe shi ne aron mutum. Ranar Alhamis akwai katuna masu sunan mutane, ungozoma, mai askin tumaki, tsohon da ya san sunan kowane tsauni, ka zaɓi kati a ba ka mutumin na rabin awa ka yi ta tambaya. Shekara uku ina bin Kaka Mapulumo ta yarda in yi mata kati. Ta ce ita ba littafi ba ce da za a buga mata hatimi a goshi.

Wata Talata cikin tsakiyar hunturu ina dawowa daga karɓo littattafai, na shiga ƙaramar bas ɗin Phakiso. Shi ma ɗan ɗakin Kaka ne, ya girme ni da shekara goma, ga sanƙo ga baki.

Ya ce, "Malamar littattafai, kin ji labari? Puleng za ta zo ta kwashe tsohuwa ranar Asabar."

"Wace Puleng?"

"Puleng nawa tsohuwa ta haifa? 'Yarta ta Maseru mana. Tun da ta faɗi ta bugu a ƙugu aka ce ba za ta ƙara hunturu a nan ba. Shi ke nan, ƙarshen tatsuniya ya tafi birni, sai dai mu bi shi da kuɗin mota."

Fasinjoji suka yi dariya, ni ban yi ba. Tsohuwa mai shekara tamanin da shida in ta sauka daga tsaunukan nan ba dawowa take ba, kowa a motar ya san haka. Kwana huɗu suka rage, in ba a ji ƙarshen nan a cikinsu ba, ba za a ƙara ji ba har abada. Kafin mu kai kwanar coci na gama shawara. Tunda dare ne ke cin mu, to a yi ta da rana. Ƙarfe biyu, a ƙasan siminti, in kashe na'urar ɗumama ɗaki in buɗe taga, in ga ɗan da zai yi barci.

Washegari da hantsi na sami Kaka zaune a bakin ƙofa tana shan rana, bargo har haɓa. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Da rana? Ke 'yar nan, kin manta mai jin tatsuniya da rana ƙaho ke fito masa? Shi kike so ya fito wa 'ya'yan mutane?"

"Kaka, ai da magani. Kowa ya soka tsinken ciyawa a gashi, shi ke nan. Ke kika koya mana."

"Na koya muku don gajerun tatsuniyoyi, na zomo da dila. Wannan daban ce."

"Me ya bambanta ta?"

Ta juya tana kallon kaji. Can ta ce, "Wannan ba ta masu ido biyu ba ce."

Ni fa in na sa abu a gaba ba ni da kyau, mahaifiyata ta sha faɗa. Na zauna na yi ta yi. Na yi lallashi, na yi magiya, na tuna mata shayin da na yi asara. Da na ga ba ta motsa ba sai na faɗi maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce, "Kaka, in kika tafi da ita Maseru, kin tafi da abin da ba naki ba ne ke kaɗai. Mun biya kuɗinta da barcinmu shekara sittin."

Ta juyo ta dube ni, kallon da ya sa na ji kamar in nutse. Ban janye maganar ba.

Ta ce, "Tun kina ƙarama kike da naci kamar ƙuda. To, Juma'a. Amma ba kujera, kowa a ƙasa. Kuma kada in ga wayar kowa, in na ga an ɗaga waya na tashi."

Na rubuta sanarwa a kwali na manna a ƙofar laburare da shagon gari. Lissafina yara ashirin, sai matan saƙa in sun ga dama.

Ranar Juma'a tun ƙarfe ɗaya na gane na yi kuskuren lissafi. Makaranta ta sako yara da malamansu. Mai shago ya rufe shago. Makiyaya suka sauko da dawakai suka ɗaure a jikin shinge, suka shigo da sandunansu da warin hayaƙi. Tsofaffin jarida suka zo da tarinsu. Muka tura kantocin littattafai jikin bango, duk da haka wasu a taga suka tsaya. Na ajiye damin ciyawa a bakin ƙofa, duk mai shiga ya zari tsinke ya soka a kai, ba wanda ya yi dariya. Har Sajan Nkuebe, shugaban 'yan sandan garin, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya cire hula ya soka nasa ya mayar da hular, tsinken ya leƙo ta gefe.

Phakiso ne ya kawo Kaka a gaban mota, shi da wani makiyayi suka ɗauko ta cak suka ɗora a kan kujera ɗaya tilo da na bari. Phakiso ya zari tsinke ya tsaya yana shafa sanƙo.

Ɗaya daga matan saƙa ta ce, "Phakiso, ina za ka dasa shi? Gonar ai ta mutu."

Ya ce, "Ki bari, Inna. In ƙahon ya fito ai na samu abin rataya hula." Ya maƙale shi a bayan kunne.

A bayansu Puleng ta shigo, ashe tun safe ta iso. Mace ce mai shekara sittin da wani abu, da rigar sanyi ta birni. Ba ta ɗauki tsinke ba, ba ta zauna ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ta ce mini a hankali, "Ke ce Moliehi? Rabin awa na ba ki. Uwata ba abin kallo ba ce."

Kaka ta gyara bargo, ta soka nata tsinken a ɗankwali, ta ce, "An ce a wata shekara."

Ɗakin gaba ɗaya ya amsa, "Muna ji."

Muryoyin manya sun fi na yara yawa.

An ce a wata shekara ƙanƙara ta sauka kwana bakwai ba tsayawa, har wutar kowane gida ta mutu. Sanyi ya riƙa kwantar da mutane ɗaya bayan ɗaya, barci mai nauyi irin wanda ba a tashi. Yarinya ɗaya ce ta rage ido biyu, don ɗan akuyarta ya hana ta sakat da tunkuyi. Ta ɗauki tsingaron tukunya ta fita neman wuta. A dutse na farko gaggafa ta tare ta, ta ce ba ta wucewa sai ta ba da bargonta a yi wa 'ya'ya shimfiɗa. Ta bayar.

Na dubi ɗakin. Leɓunan manya suna motsi tare da nata, kalma da kalma. Sajan ya rungume gwiwoyinsa kamar ɗan aji ɗaya.

A dutse na biyu kogi ya daskare, ya ce ba ta taka shi da takalmi. Ta tuɓe ta bar su a gaɓa.

Wani tsoho ya ce a hankali, "Nan ne iyakata."

Phakiso ya ce, "Ni har kogo nake kaiwa."

Kaka ba ta ko dube shi ba ta ce, "Ƙarya kake. Kai ko gaggafa ba ka taɓa gani ba."

Aka kwashe da dariya, ta bari aka gama, ta ci gaba. Yarinya ta kai kogo a dutse na uku, ta sami makahon tsoho yana gadin wuta. Ya ce zai ba ta garwashi ɗaya, amma sharaɗi, kada ta yi gudu, kuma duk taku ɗaya ta hura sau ɗaya. Nan ne ni ban taɓa wucewa ba. Daga nan duk abin da ta faɗa sabo ne a kunnena, kuma da na duba fuskoki na ga leɓuna sun daina motsi. Sanyin siminti yana cin mu, ba wanda ya ko gyara zama. Yarinya ta juyo, taku ɗaya huri ɗaya, ba bargo ba takalmi. Iska ta taso, ta juya mata baya ta rufe garwashin da ƙirjinta. Ta sauko dutse na uku, ta ƙetare kogi, ta wuce gaggafa. Ta hango garinsu fari fat, ba hayaƙi ko ɗaya. Ta iso ƙofar gida na farko, ta sa hannu ta tura.

Sai Kaka ta tsaya.

Muka jira. Na ɗauka numfashi take. Ta ɗaga kai ta bi ɗakin da kallo, daga yaran da ke gabanta har masu leƙe ta taga, ido sama da ɗari duk a kanta. Ta buɗe baki ta rufe.

Ta ce, "Ba zan iya ba. Idanu sun yi yawa."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Ta gaya mini tun farko, ni ce ban saurara ba. Na kinkimo tsohuwa mai ciwon ƙugu, saura mata kwana ɗaya a garin da ta yi rayuwarta, na zaunar da ita a tsakiyar jama'a ta kasa. Abin da za a riƙa tunawa da ita ke nan, kuma ni na jawo. Puleng ta sauke hannu ta fara ratsa mutane, fuskarta a murtuke, tana cewa, "Ya isa. Inna, tashi mu tafi."

Kafin ta iso, Sajan Nkuebe ya yi wata doguwar hamma. Ya miƙe ƙafafu, ya kishingiɗa a jikin kantar littattafan noma, ya ja hula ya rufe fuska. Na dube shi ina mamakin rashin ta-idon mutumin nan. Sai tsohon da ke gefensa ya dube shi, ya gyaɗa kai, shi ma ya ja bargo ya kwanta. Matan saƙa suka jingina da juna suka lumshe ido. Makiyaya suka ajiye sanduna. Wata malama ta raɗa wa yara, suka zube a kan juna suna ƙunshe dariya, suka yi tsit. Na taga suka kifa kai a kan hannu. Phakiso har da minshari. Cikin minti guda laburaren Ha Letuka ya cika da masu barci, rana tsaka, da tsinken ciyawa a kawunansu.

Puleng ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ba inda za ta taka. Na ga ta duba hagu ta duba dama, sannan a hankali ta durƙusa inda take, ta sunkuyar da kai. Ni ma na jingina da teburina na rufe ido.

An daɗe ba abin da ake ji sai iska da tarin wani tsoho da yake ƙoƙarin dannewa. Sannan muryar ta dawo. Ba irin ta ɗazu ba ce. Ta yi ƙasa sosai, irin muryar da ake yi don kada a tashi jariri.

Ta ce yarinya ta shiga gida na farko, ta durƙusa a murhu, ta hura har wuta ta kama. Ta juya ga mai barci, ta gyara masa bargo, ta ce, "Pulumo, ɗan farina. Ga wutarka. Yi barcinka, ina nan."

Na ji Puleng ta ja numfashi. Pulumo yayanta ne, wanda ake kiran Kaka da sunansa, Mapulumo, wato uwar Pulumo. Ya rasu yana ɗan shekara tara, tun ba a haifi yawancinmu ba.

Yarinya ta shiga gida na biyu. "Puleng, mai kwana da yatsa a baki. Ga wutarki. Yi barcinki, ina nan." Ta shiga na uku. Ta shiga na huɗu. Sai a lokacin na fahimta. Gidajen cikin tatsuniyar namu ne. Sunayenmu take kira, duk yaron da ya taɓa kwana a ɗakinta, bi da bi yadda aka kawo mata su. Ashe ƙarshen ke nan. Shekara sittin, kullum in mun yi barci, sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta kai wa kowa wutarsa, mu ba mu sani ba.

"Nkuebe, mai kwana da takalmi don kada a sace." Daga ƙarƙashin hular Sajan wani sauti ya fito wanda ba minshari ba ne. "Phakiso, mai surutu har cikin barci." Minsharin ƙarya ya ɗauke. Ta kira mai shago. Ta kira malamar da ta kwantar da yara. Ta kira waɗanda suka ƙetare iyaka zuwa Gauteng haƙar zinariya ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, da waɗanda cuta ta kwashe a shekarun da muke binne mutum uku a mako. Ba ta ware matattu daban ba, kowa yana gidansa, a layinsa, ana gyara masa bargo. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ita da kan manta inda ta ajiye sandarta.

Ina da wa, Motebang. Tare aka kai mu ɗakin Kaka, shi shekara bakwai ni huɗu. Ramin zinariya ya rufta da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ba a kawo mana ko gawarsa ba. A gidanmu ba a ambatar sunansa, don mahaifiyata ba ta iya ɗauka. Ina jin layin yana matsowa shekarunmu, na san yana zuwa, na damƙe ƙafar tebur.

"Motebang, mai ba ƙanwarsa rabin bargonsa. Ga wutarka. Yi barcinka, ina nan."

Shekara goma sha ɗaya ina ganin an bar shi shi kaɗai a ƙarƙashin ƙasar wasu. Ashe kullum akwai mai zuwa ta duba shi. Na yi kuka ido a rufe, ban ko ji abin da ta ce a kaina ba, sai dai na ji sunana ya wuce.

Ta gangaro har kan yaran da ke kwance a gabanta, waɗanda aka daina kai mata bara da ta faɗi. Ta kira na ƙarshe. Ta ce yarinya ta fito ta tsaya a tsakiyar gari, ta ga hayaƙi yana tashi daga kowane jinka, ta koma bakin ƙofarsu ta zauna da tsingaronta tana jiran gari ya waye.

Ba wanda ya motsa. Ni dai tsoron buɗe ido nake, kamar in na buɗe wani abu zai fashe.

Sai ta ce da muryarta ta kullum, "To, ku tashi haka nan. Kun ɗauka ban san idonku biyu ba? Phakiso, jaki ma ya fi ka iya minshari."

Aka tashi ana dariya ana share fuska. Sajan ya daɗe bai cire hular ba. Wata yarinya 'yar aji uku ta ce, "Kaka, ke wa ya gaya miki ƙarshen, tunda kowa barci yake?"

Ta ce, "Kakata. Wata rana haƙori ya hana ni barci, na yi lamo don kada ta ba ni magani mai ɗaci. Ni ma da barcin ƙarya na same ta."

Puleng ta matso da gwiwa ta kama hannun uwarta ta riƙe. Ƙarfe huɗu, lokacin rufewa, ya wuce tuni, rana ta fara komawa bayan tsauni. Na je gaban Kaka na durƙusa don in nemi gafara. Kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Ke mai naci. Kin ce ba tawa ba ce ni kaɗai, to ga ta nan. Faɗo su."

"Kaka, bari in ɗauko takarda."

"Ba a rubutawa. Wanda aka rubuta an ajiye shi ke nan, ba mai komawa ya duba shi. Faɗo su da baki."

Na fara. Pulumo. Puleng. Na uku ya ɓace mini, wani tsoho daga baya ya ce, "Ni ne, Letsie." Na ci gaba. Duk inda na tsaya sai wani ya miƙo, wannan ya tuna wanda ya kwana a gefensa, waccan ta tuna ƙawarta da ta rasu. Inda duk muka kasa, Kaka ta cike tana tsaki. Na faɗi sunan yayana da bakina a gaban jama'a, ban mutu ba. Muka bi layin gaba ɗaya har kan ɗan autan ɗakin. Na sauke numfashi na ce, "Shi ke nan, Kaka."

Ta ce, "Saura gida ɗaya."

Na duba Puleng, na duba Sajan. Na fara lissafi a zuci ko wa muka tsallake. Kaka tana zaune tana kallona, ta ja bargonta ta rufe gwiwa, tana jira. Gobe war haka tana Maseru, a ɗakin da ba ta taɓa kwana ba.

Na tashi na gyara mata bargon a kafaɗa. Ban san yadda maganar ta fito ba.

Na ce, "Mapulumo. Ga wutarki. Yi barcinki, muna nan."

Ta lumshe ido.